Kawu Ila da Faifan 'Yan Italiya

Duk wanda ya taɓa kwana a gidan Kawu Ila da ke unguwar Dengfeng a birnin Guangzhou na China ya san abin da ke biyo bayan sallar magariba. Zai zaro faifan daga aljihun gaba, ya hura masa iskar baki, ya goge shi da gefen hula, ya ɗaga shi saitin fitila ya ƙare masa kallo, sannan ya ce, "Ku gyara zama, talakawa za su shigo." Ba ruwansa da cewa yau ka sauka daga jirgi idonka na rufewa, ko ka wuni kana zagaye a kasuwar Canaan har ƙafarka ta kumbura. Ba ya karɓar ko sisi na kwana a hannun baƙo, amma fim ɗin nan sai ka kalla. Na san manyan alhazai da suka gwammace su koma otal su biya, don dai kada a sake nuna musu shi.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Sunan mahaifinsu na ci, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce Abba. Da na fara zuwa Guangzhou sayen wayoyi shi ya tare ni, kuma a lokacin ya riga ya zama tsohon gari. Jarinsa ya daɗe da narkewa, ba wanda ya san yadda aka yi, ba kuma wanda ya isa ya tambaya. Abin da ya rage masa sanin hanya ne. Ya raka baƙo wajen masu shadda, ya raka shi wajen masu takalma, ya kai shi wajen masu tura kaya gida, a ɗan ba shi na goro. Da wannan yake biyan hayar ciki da falo a can ƙololuwar wani tsohon bene, kuma da wuya ka je ka tarar da ƙasan falon nan babu mutum a kwance. Wanda guzurinsa ya ƙare kafin kayansa su fito, da wanda aka damfara, da wanda jirgi ya tafi ya bari, duk a wajen Kawu suke ƙarewa.

Ku da kuka zo daga baya kun tarar da faifan ne kawai, ba ku san yadda ya shigo gidan ba. Wata shekara Kawu ya ce zai farfaɗo. Ya yi lissafin cewa mutanen Kano ba sa gajiya da fim ɗin Indiya, sai ya shiga wani lungu a Tianhe inda ake buga faifai ya sayo kwali guda cike fal. Bangon kowanne da hoton saurayi da budurwa suna rawa cikin furanni. Bai gwada ko ɗaya a shagon ba, don a wajensa gwada kaya a gaban mai su nuna rashin yarda ne, shi kuma dattijo ne. Sai da ya kawo gida ya tara mu, aka dafa shayi, aka saka na farko. Babu waƙa, babu rawa, ko launi babu. Wasu Turawa ne cikin yagaggun riguna suna rawar sanyi a wani fili a bayan gari.

"Talla ce," in ji Kawu. "Yanzu za a fara."

Muka jira har shayin ya huce. Aka cire aka saka wani, Turawan nan dai. Muka bi kwalin har ƙasa muna tsamowa ɗai-ɗai, ko'ina su ne suke jiran mu da sanyinsu. Wani ɗalibi da ya zo gaishe shi ya ce yaren Italiya suke yi, kuma fim ɗin zai yi sa'a da Kawun kansa.

Washegari muka kinkimi kwalin muka koma. Mai shagon ya dube mu, ya dubi kwalin, ya ce, "Meyo," wato babu. Kawu ya yi masa bayani da Hausa, ya yi da Turanci, har ya ɗan taka rawar Indiya a tsakiyar shagon don mutumin ya gane abin da ya ɓace. Mutumin ya tafa masa, ya sake cewa meyo.

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, mu ajiye shi a bakin bola mu huta."

Ya tsaya cak. "Abba, kai ka saya?"

"A'a."

"To ɗauko. Abin da na biya sai na ci moriyarsa, ko da Bature ne mai jin sanyi."

Ya kuwa ci. Faifai a ƙarƙashin kofin shayi, faifai madubin gyaran gemu, faifai a ƙarƙashin ƙafar tebur mai ɗingishi, faifai a rataye a taga don korar tsuntsaye daga barkonon da yake shanyawa. Duk baƙon da zai koma gida sai an cusa masa ɗaya a jaka a matsayin tsaraba. Na tabbata har yau akwai gidaje a Fagge da Kurna da aka taɓa tara yara don kallon rawar Indiya, aka ƙare da kallon juna.

Da farko don haushi ya riƙa kallon fim ɗin, wai kada kuɗinsa ya tafi a banza. Ban san ranar da haushin ya koma so ba. Labarin ba shi da wuyar ganewa ko ba ka jin yaren. Wasu marasa gida ne suka taru a fili, kowa ya haɗa ɗan ɗakinsa da tsohon kwano da katako, suna zaune lafiya da yunwarsu. Sai masu kuɗi suka ga filin ya yi musu, suka turo 'yan sanda. Abin da ya dami Kawu shi ne mutane suna ta magana mu kuma muna zaune kamar gumaka, don rubutun da ke gudu a ƙasa ma na China ne. Sai ya ɗauki nauyin fassara. Mutumin da bai san ko gaisuwa da yaren Italiya ba ya tsaya gefen talabijin yana ba kowa baki.

Saurayin da ke jagorancin talakawan ya sa masa suna Ɗanladi. Babban mai kuɗin kuwa ba shi da tsayayyen suna, ya danganta da wanda ya ɓata wa Kawu rai a ranar. In wani alhaji ya sa shi yawo tun safe ya sallame shi da godiya, to da magariba sunan alhajin ne a kan mai tumbin, kuma sau da yawa alhajin yana zaune a falon.

"Yanzu Ɗanladi yana ce masa, 'Ranka ya daɗe, a duba mu.' Shi kuma Alhaji Sabo ya ce, 'Allah ya ba da lada, mu haɗu gobe.' Kun ga goben nan? Ba ta zuwa."

Babban abokin faɗansa a kan fim ɗin shi ne Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai sayen atamfa, wanda yake zaune can wajen Sanyuanli amma ba ya sati bai hawo benen nan ba. Kunnensa yana ɗan kama wasu kalmomi saboda Faransanci, sai ya ce, "Malam Ila, jiya ba haka ka hwaɗi ba. Jiya ka ce matar ga uwatai ce, yau ka ce mai abinci ce."

"Jiya ba ta gama bayani ba," in ji Kawu.

Amma rigimarsu ta gaske a kan ƙarshen fim ɗin ce. Kawu ba ya bari a ga ƙarshe. Da zarar an tattara talakawan an cusa su a motocin 'yan sanda, sai ya danna rimot ya ce an tashi. Aka daɗe a haka, har ranar da Alhaji Mamman ya faki idonsa ya zauna a kan rimot ɗin. Kawu ya nema ya rasa, fim ya ci gaba. Sai muka ga talakawan sun kuɓuta, kowa ya haye sandar tsintsiya, suka tashi sama ɗaya bayan ɗaya suka bar garin. Falon ya kaure da dariya da tafi.

"To ga shi sun tsira," in ji Alhaji Mamman. "Don mi kake ɓoye muna wuri mai daɗi?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya zare wayar talabijin daga bango, ya ce, "Tsira? Baturen da ya shirya abin nan ya zagaya garinsu kaf bai samu inda zai ajiye su ba, kunya ta kama shi, shi ne ya ɗora su a tsintsiya. Har inda nake tsayar muku gaskiya ce. Daga nan kuma ban haƙuri ne, ni kuwa ba na fassara ban haƙuri." Ya yi sati ba ya amsa gaisuwar Alhaji Mamman sai da ka.

Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar China da muke ce wa Madam. Da mutum ɗaya ta yi yarjejeniya, don haka in ta hawo bene takalman bakin ƙofa take fara dubawa. Kawu ya gano haka, ya kafa doka kowa ya shigo da takalminsa a hannu a zuba a tsohon firjin da ba ya aiki. Wata Lahadi da rana ta zo ba zato, ta ga silifas ƙafa ɗaya tal a waje, ta shigo ta tarar da maza reras a falo ana cin shinkafa. Ta fara faɗa tana nuna ƙofa. Kawu ya gaishe ta da yarensu, "Nihaw, Madam," ya janyo kujera ɗaya tilo ta gidan ya zaunar da ita, ya miƙa mata shayi, ya saka faifan. Ya tsaya a gefenta yana yi mata fassara da Hausa, da nutsuwa, har da tsayawa ya tambaye ta ko ta gane.

Ita kuwa rubutun ƙasa take karantawa. Inda muka yi tsit ta ƙyalƙyale da dariya, inda muka saba dariya ta ciro hankici tana goge ido. Da aka kai wajen motocin 'yan sanda Kawu ya kashe. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta fita ba ta sake nuna wa kowa ƙofa ba. Kawu ya bi ta da faifai ɗaya har matakala. Da ya dawo ya girgiza kai ya ce, "Kun lura? Fassarar 'yan China ba daidai ba ce. Baiwar Allah duk an rikita ta."

Haka muka yi ta zama da shi har shekarar wasannin Olamfik. A Beijing za a yi wasan, nesa da mu ƙwarai, amma mu aka fara sharewa. Da can in bizarka ta kusa ƙarewa sai ka tsallaka Hong Kong ko Macau ka sabunta ka dawo. Tun kafin damina aka ce an daina, kowa ya koma ƙasarsu ya nemo. Masu hali suka tafi. Kawu ya ce in ya tafi wa zai buɗe wa baƙi ƙofa, amma ni na san gaskiyar. In ya koma Kano ba shi da abin dawowa, kuma ya daɗe yana gaya wa matarsa Inna Hajara cewa kwantenar kayansa na nan tafe. Bizarsa ta mutu a hannunsa yana kallo. 'Yan sanda kuma suka fara bi gida-gida suna duba fasfo, suna tambayar wa aka rubuta a ɗakin, wa ba a rubuta ba.

Ranar da suka hau benen ya tafi raka wani baƙo kasuwa. Suka kwashe duk wanda suka tarar, suka ci Madam tara, suka gargaɗe ta. Da ya dawo ya same ta zaune a matakala da jakarsa a gefe da ragowar kwalin faifan, tana kuka tana cewa meyo, meyo. An ce shi ya riƙa ba ta haƙuri.

Ina jin labari na neme shi na ce ya dawo ɗakina. Ya ce in kwantar da hankalina, Alhaji Mamman ya riga ni, ya ba shi wuri a Sanyuanli. Na ji sanyi a raina, don can an fi nan sauƙin sintiri. Kullum da safe kuma sai ga shi a gidan abincin da muke haɗuwa a Xiaobei, kaftaninsa fari tas ba ko lanƙwasa, yana tsokanar kowa. Ni ɗan ƙanwa ne, ba na iya duban kawuna in ce ina ka kwana, yaya shimfiɗar. A lokacin kuma ba mai faɗin wanda yake ɓoye a ɗakinsa, ko a waya ko a fili, don ba ka san kunnen da ke kusa ba. Kawu ya san wannan sarai, kuma da shi ya yi amfani. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don da wayonsa ya zauna ya shirya mana abin.

Sai wata Juma'a, ana tsakiyar wasannin, na hangi Alhaji Mamman bayan an idar da salla. Na ja shi gefe na rage murya na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri a kan Kawu. Ban samu na yi maka godiya ba."

Ya dube ni. "Godiyar mi? Ni za ni yi maka. Ya ce mini wurinka yake kwana tun randa abin ya hwaru."

Muka tsaya muna kallon juna a cikin taron mutane. Nan take muka shiga nemansa.

Wani mai shagon waya da Kawu yake kiran gida a wajensa ne ya ce ya sha ganinsa da yamma yana nufar wata gadar sama ta bayan kasuwa. Muka bi bayan la'asar ana yayyafi. A ƙarƙashin gadar akwai mutanen ƙauye 'yan China masu tsintar kwali, da kekunansu masu ƙafa uku, kowa ya kewaye ɗan wurinsa da leda da katako. A bayan kowane keke an ɗaure faifai yana ƙyalli don mota ta gan su. Tun daga nan na san mun iso.

Yana tsaye da singileti da wando a gaban mutum huɗu ko biyar da ke tsugune, yana yi musu fim ɗin ba talabijin. Ya turo ciki ya zama mai kuɗi, ya sunkuya ya zama Ɗanladi, duk da Hausa. Suna ta dariya ba su san me yake cewa ba. Kaftanin yana shimfiɗe tsakanin kwali biyu an ɗora bulo a kai. Gugar ke nan da muke ta yabo.

Na ce, "Kawu, wannan wane irin abu ne?"

Ya juyo, ko gezau. "Ka yi sallama tukuna, Abba. Gidan mutane ka shigo."

Na yi sallama, don ban san abin da zan yi ba. Ya amsa, ya shimfiɗa mana kwali, ya nuna wani ramammen dattijo mai haƙori ɗaya a gaba ya ce wannan ne mai unguwa, a gaishe shi. Alhaji Mamman ya tsuguna ya rufe fuska da hannun riga.

Na ce ya ɗauko kayansa mu tafi yanzu.

"Mu tafi ina? In aka same ni a ɗakinka, gobe kai ma nan za ka dawo. Nan kuma ka gani da idonka, ya cika."

"To ka miƙa kanka, Kawu. Za su tsare ka na ɗan lokaci su sa ka a jirgi. Mu za mu yi duk abin da ake bukata."

"In sauka Kano da leda a hannu? Hajara ta tara mutane taryar kwantena, a ga ɗan sanda ya miƙa mata ni?" Ya yi tari mai tsawo, ya jira ya lafa. "Ku bari a gama guje-gujen nan. Da an raba lambobin yabo za su manta da mu, kowa ya koma ɗakinsa."

Na kama jakarsa zan ɗauka, ya zauna a kanta. Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da girman mahaifinsa da na ci sunansa. Ya ce mahaifin nasa ma taurin kai ne da shi, ba a banza aka sa mini sunan ba. Alhaji Mamman ya ce zai kama masa otal, ya ce otal fasfo suke tambaya kafin su tambayi suna. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Duk ƙofar da muka ambata ya riga ya ƙwanƙwasa ta a ransa ya ji a rufe.

Abin da ya yarda da shi kawai abinci ne, shi ma da sharaɗi. Ranar farko na kai masa kwano ɗaya, ya buɗe ya rufe ya miƙo mini. "Ka taɓa ganin na ci ni kaɗai a gidana?" Daga ranar sai da babbar kula nake zuwa, ya zauna yana rabo, yana yi wa mai unguwa faɗa a kan ya cika zuba yaji. Maganin tarin da na kai masa kuwa rabi yake sha, wai kada ya ƙare da wuri.

Aka gama wasannin. Aka raba lambobin, aka yi wasan wuta a talabijin, baƙi suka watse. Ba abin da ya sassauta. Biza ba ta dawo yadda take ba, sintiri bai ragu ba, Madam ta ba wasu 'yan China hayar ɗakin. Kawu ya daina cewa a bari a gama. Ya koma cewa a bari a ga bayan salla, daga nan ya daina cewa komai. Ruwa ya yi ta sauka, ƙasan gadar ba ya bushewa, tarin ya koma ƙirji. Ya daina fitowa Xiaobei da safe, sai ranar Juma'a da yake lallaɓawa shagon waya ya kira gida. Na taɓa tsayawa a bayansa na ji yana dariya yana ce wa Inna Hajara komai lafiya, kasuwa ce kawai ta ɗan yi sanyi. Na fita waje na bar shi, don na ji zan iya fizge wayar.

Wata safiya ina shagon da nake haɗa kaya aka ce ana nema na a titi. Mai unguwa ne da kekensa. Ya tuƙo tun daga gadar, yana tsayar da duk baƙar fatar da ya gani yana nuna bayan keken, har aka samu wanda ya gane fuskar. Kawu yana kwance a kan kwalaye an lulluɓe shi da leda, an sa masa kaftaninsa da hularsa. Idonsa a buɗe. Na sunkuya, ya motsa baki.

"Abba, ka ce masa shiye-shiye. Ni numfashi ya yi mini tsada."

Na juya na yi wa dattijon godiya da yarensu kamar yadda ya ce. Muka kai shi asibiti, ba wanda ya ƙara tambayar fasfo sai bayan da ya cika, kafin la'asar. Daga nan kuma aka yi ta tambaya. Gawar ta daɗe a ɗakin sanyi muna yawon takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Da ƙyar, da taimakon wasu dattawan Musulmin garin, aka samu wuri a wata maƙabarta a bayan gari. Da muka dawo daga jana'iza na biya ta gadar da kular abinci. Ba kowa. An kwashe ledoji da katakon, an zuba siminti mai tsini-tsini a duk inda mutum zai iya kwanciya.

Ranar rasuwar wani ne ya sanar da gida, ni na kasa. Sai bayan an binne shi na shiga shagon wayar nan na kira Inna Hajara. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka, ta tambayi ko an yi masa sutura yadda ya kamata, na ce an yi. Har zan ajiye sai ta ce, "Abba, gidan fa?"

"Wane gida, Inna?"

"Gidansa mana. Kiran ƙarshe da ya yi ya ce mini baƙi sun yi masa yawa, har ba ya samun wurin miƙe ƙafa, kuma duk bayin Allah ne da ba su da kowa. Ya ce in ta Allah ta kasance in gaya maka, kada ka bari a kore su sai sun samu wurin zuwa."

Na riƙe wayar ina kallon bango. Ta ce, "Kana ji na?"

Na ce, "Ina ji, Inna."

"Ka yi masa wannan, ka ji? Bai bar wata wasiyya ba sai ita."

Na ce to.

Allah ya jiƙan Kawu Ila, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa ya huta. Waɗanda ya bar mini amanarsu kuma, ban san sunayensu na gaskiya ba, ban san inda suka nufa da kekunansu ba. Ya Allah, kai ka san su. Ka ba su inda za su kwana.